Kafaffen ɗigo ko lissafin kaso: tambayoyi da amsoshi ga masu rubuta manhaja a arewacin Kamaru da Chadi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa tsakanin masu rubuta manhajojin shaguna, na ƙungiyoyin manoma, na adashe da na 'yan canji a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena, a duk lokacin da aiki ya kai su ga lambar da ba cikakkiya ba. A wannan shafi ɗigo ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, waƙafi kuma yana raba dubbai, ko da yake waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun saba sa waƙafi a inda muka sa ɗigo.

Mene ne kafaffen ɗigo, kuma mene ne lissafin kaso?

Kafaffen ɗigo shi ne mutum ya zaɓi ƙaramin ma'auni guda tun kafin ya fara aiki, sannan ya riƙe kowane adadi a matsayin cikakkiyar lamba ta wannan ma'auni. Kilo 37.5 na auduga sai ya zama giram 37,500, naira 12.75 kuma ta zama kwabo 1,275. Kwamfuta ba ta ganin ɗigo ko kaɗan, mai rubuta manhajar ne ya san inda yake, kuma ba ya gusawa. 'Yan kasuwarmu sun daɗe da wannan dabara: wanda ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100, domin an riga an yarda cewa ma'aunin ƙirga sefa biyar ne, kamar yadda mai Larabcin Chadi ke ƙirgawa da riyal.

Lissafin kaso kuwa shi ne a riƙe lamba biyu tare, ta sama da ta ƙasa, ba tare da an raba su ba. Ɗaya bisa uku yana zama 1 da 3, ba ya komawa 0.333. Idan aka ninka shi sau uku, ɗaya cif yake bayarwa, babu ragi babu ƙari. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk suna fitowa daidai, muddin an bar lambobin biyu su yi tsawon da suke bukata.

Me ya hana a yi amfani da lamba mai ɗigo ta yau da kullum, wadda kowane harshen kwamfuta ke da ita?

Wannan ita ce lamba mai ɗigo mai yawo, wadda ƙa'idar IEEE 754 ta shekarar 1985 ta tsara. Tana da sauri, tana ɗaukar manya da ƙananan adadi, kuma a aikin kimiyya da zane babu kamarta. Matsalarta ita ce da tushen biyu take ƙirga, wato da alƙaluman 0 da 1 kawai, alhali ɗaya bisa goma ba shi da ƙarshe a tushen biyu, kamar yadda ɗaya bisa uku ba shi da ƙarshe a tushen goma. Shi ya sa duk wanda ya tara 0.1 da 0.2 a Python ko JavaScript zai ga 0.30000000000000004. Kuskuren ɗan ƙanƙane ne, amma ya isa ya sa manhaja ta ce jimillar rasit ba ta yi daidai da kuɗin da aka biya ba, ko kuma ta dunƙule wani adadi zuwa ƙasa alhali sama ya kamata ya tafi. A littafin kuɗi, inda akawu zai bi layi-layi da biro, ba a karɓar “kusan daidai”.

Ai sefa ba ta da kwabo. Ba sai a yi aiki da cikakkiyar lamba kawai a huta ba?

Wajen ajiya haka ne, kuma wannan sa'a ce da muke da ita. A ƙa'idar ISO 4217 ta kuɗaɗen duniya, sefar Afirka ta Tsakiya, wadda ake rubutawa XAF kuma bankin BEAC ke bugawa, ba ta da gurbi ko ɗaya bayan ɗigo, alhali naira da yuro suna da biyu, dinarin Tunisiya kuma uku. Saboda haka kuɗin da ke cikin asusu, farashin kaya da jimillar rasit duk cikakkun lambobi ne, wato kafaffen ɗigo mai ma'aunin sefa ɗaya.

Guntu yana shigowa ne a tsakiyar lissafi: haraji, ragin farashi, kamasho, canji, rabon riba tsakanin abokan jari, farashin kilo idan aka sayi rabinsa. Tambayar da ke gaban mai manhaja a nan ita ce yadda zai riƙe wannan guntu daga lokacin da ya bayyana har lokacin da za a mayar da shi cikakkiyar sefa, da kuma wurin da za a yi wannan mayarwa.

Yaya ake lissafin TVA ba tare da an sami saɓani ba?

A Kamaru harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, 19.25 ne cikin ɗari, wato 17.5 da ƙarin kashi goma cikin ɗari nasa da ake karɓa wa ƙananan hukumomi. A Chadi an daɗe ana karɓar 18 cikin ɗari. A matsayin kaso, na Kamaru 77 bisa 400 ne, 18 cikin ɗari kuma 9 bisa 50.

A ɗauki kaya uku, kowanne sefa 1,000. Harajin kowanne 192.5 ne. Idan aka dunƙule a kowane layi zuwa 193, jimilla 579 ke nan. Idan aka tara kayan tukuna, harajin sefa 3,000 shi ne 577.5, wanda zai koma 578. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikin biyun, amma an sami bambancin sefa ɗaya, kuma babu nau'in lambar da zai kawar da shi, domin asalinsa shawara ce, ba rashin daidaito ba. Sai a zauna da akawun kamfanin a tsayar da hanya guda, a rubuta ta, kuma na'urar da ke buga rasit da wadda ke haɗa rahoton wata su bi ta tare.

Inda kaso ya fi nuna amfaninsa shi ne idan farashin ya riga ya haɗa da haraji, ana son a cire shi. A Kamaru ana ninkawa da 400 a raba da 477. Sefa 10,000 za ta ba da 8,385.74 da ɗoriya marar ƙarewa, sai a dunƙule zuwa 8,386. Harajin kuwa kada a sake lissafa shi daban, a ɗebe kawai: 10,000 ban da 8,386, saura 1,614. Ta haka ne ɓangarorin biyu za su haɗu su koma 10,000 a kowane lokaci.

Na yi aiki da cikakkun lambobi amma amsa ta fito a karkace. Ina matsalar?

Kusan kullum an raba ne kafin a ninka. Idan aka ninka 1,000 da 77 sannan aka raba da 400, za a sami 192. Idan kuwa aka fara raba 1,000 da 400, kwamfuta za ta ba da 2 ta zubar da saura, sai 2 sau 77 ya zama 154. A ninka tukuna, a raba daga baya, sau ɗaya.

Abu na biyu shi ne mantawa da ma'auni. A ce ana sayen kilo a kan sefa 285, misali kawai. Giram 37,500 sau 285 zai ba da 10,687,500, wanda sai an raba shi da 1,000 kafin ya zama sefa 10,687.5. Yana da kyau sunan kowane adadi a cikin manhaja ya faɗi ma'auninsa, domin wanda zai gaji aikin bayan shekara biyu ba shi da wata hanyar sanin ko giram ake nufi ko kilo.

A wane aiki ne lissafin kaso ya zama dole?

Misali mafi bayyana a wurinmu shi ne rabon gado. Kasonnin da suka zo a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Uku daga cikinsu ba su da ƙarshe idan aka rubuta su da ɗigo, kuma malaman fara'ili ba su taɓa rubuta su haka ba. Abin da suke yi shi ne su nemi asalin mas'ala, wato lambar ƙasa da za ta ɗauki dukkan kasonnin, sannan su ba kowane magaji sahaminsa a cikakkiyar lamba. Wannan shi ne lissafin kaso tsantsa, kuma ya girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu. Littafin aljabara na Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangarensa a kan mas'alolin gado da wasiyya yake.

A duba mas'alar da aka sani da Minbariyya: mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Asalinta 24 ne. Matar tana da sumuni, 3. 'Ya'yan suna da sulusi biyu, 16. Uba da uwa kowanne sudusi, 4 da 4. Jimilla 27, ta zarce asali, don haka sai a yi auli, a mayar da lambar ƙasa 27, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Manhajar da ke riƙe da kaso za ta gane cewa jimillar ta wuce ɗaya ba tare da shakka ba, domin 27 bisa 24 take gani. Wadda ta mayar da kasonnin lambobi masu ɗigo tana iya samun 0.9999 a mas'alar da ta cika cif, ta ɗauka akwai saura da za a ba asaba, wato masu cin ragowar gado, alhali babu.

Yanzu a ce dukiyar sefa miliyan ɗaya ce. Idan aka fara mayar da kasonnin kashi cikin ɗari mai gurbi biyu, wato 11.11 da 29.63 sau biyu da 14.81 sau biyu, abin da za a raba 999,900 ne, sefa 100 ta salwanta a hanya. Idan aka riƙe kaso har zuwa ƙarshe, matar za ta sami 111,111, kowace 'ya 296,296, uba da uwa kowanne 148,148, jimilla 999,999. Bambancin yana ƙara girma idan wani magaji ya rasu kafin a raba, aka shiga munasakha, inda ake ninka kaso a kan kaso hawa biyu ko uku. Ba sai an faɗa ba, manhaja mataimakiyar lissafi ce a nan, sanin wanda ya gada da wanda aka shamakance aikin malami ne da alƙali.

Irin wannan tsari ne kuma ya dace da rabon riba tsakanin abokan jari, da rabon kuɗin motar da ta ɗauko albasar mutum biyar daga Marwa gwargwadon buhunan kowa.

To sefa ɗayan da ta rage fa, wa za a ba?

Hanyar da aka fi bi ita ce a ba kowa cikakken rabonsa, sannan a jera masu rabo bisa girman guntun da aka yanke musu, a raba ragowar ɗai-ɗai daga sama. Amma a misalin da ya gabata masu guntu mafi girma su ne 'ya'yan biyu, kuma nasu daidai yake, sefar kuwa ɗaya ce. A ganina manhaja ta gari ba ta ɓoye wannan ba, ba ta kuma yanke hukunci a asirce. Ta nuna ragowar a layinta daban, ta bar masu haƙƙi su daidaita. A lissafin shago ko na kamasho, inda ba za a tsaya tambaya kowane lokaci ba, sai a rubuta doka guda, misali ragowar ta tafi ga layin ƙarshe, a kuma tabbata tana ba da amsa iri ɗaya duk lokacin da aka maimaita lissafin.

Tunda kaso ba ya kuskure, me zai hana a yi amfani da shi a ko'ina?

Domin lambobinsa suna kumbura. Idan za a tara kaso biyu, sai an ninka lambobin ƙasa, sannan a nemi babbar lambar da ke raba sama da ƙasa a taƙaita, ta hanyar da masanin lissafi Yuklid ya bayyana wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Taƙaitawar tana cin lokaci, kuma ba kullum take rage wani abin kirki ba. Wanda ya tara ɗaya, da rabi, da sulusi, da rubu'i, har zuwa ɗaya bisa goma, zai sami 7381 bisa 2520. Idan ya ci gaba zuwa ɗaya bisa ashirin, lambar ƙasa ta kai 15,519,504.

Abin ya fi muni a lissafin da ke cin amsarsa ta baya. A ce na'ura tana auna ƙarfin batirin sola kowane daƙiƙa, tana daidaita awon ta hanyar ɗaukar tara bisa goma na tsohon da ɗaya bisa goma na sabon. Kowane zagaye yana iya ƙara sifili ɗaya a lambar ƙasa. A yini guda akwai daƙiƙa 86,400, saboda haka kafin gari ya sake wayewa lambar tana iya kai tsawon dubun-dubatar alƙaluma, duk don riƙe awon da na'urar kanta ba ta san shi fiye da gurbi biyu ba. Manhajar ba za ta ba da amsar ƙarya ba, za ta dai yi ta nauyi har ta tsaya, kuma irin wannan ciwo ba ya bayyana a gwajin minti biyar.

An taɓa gwada wannan hanya da gaske. Harshen ABC, wanda aka ƙirƙira a cibiyar CWI ta Amsterdam a shekarun 1980, yana mayar da sakamakon rabawa kaso kai tsaye. Guido van Rossum ya yi aiki a kansa, ya ga yadda ƙananan lissafi ke tafiyar hawainiya saboda kumburin lambobi, kuma da ya zo ƙirƙirar Python bai bi wannan tafarki ba.

Ma'aunin da nake bi shi ne tsawon sarƙar lissafin. Idan gajeriya ce, tana da rabawa a ciki, kuma amsarta haƙƙin wani ce, kaso ya fi. Idan doguwa ce, ko ba ta da ranar ƙarewa, ko adadin awo ne da dama can ba cikakke ba, kafaffen ɗigo ya fi.

Akwai lissafin da kaso ba zai iya ba sam?

Akwai. Saiwar biyu, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da biyu, da lambar da'ira da ake kira pi, da mafi yawan lissafin kusurwa, ba sa rubutuwa a matsayin lamba bisa lamba. Duk mai auna fili ko nisa tsakanin wurare biyu dole ya yarda da kusantawa. Wajen ajiye wuri a taswira kuwa kafaffen ɗigo ya wadatar: shafin taswira na OpenStreetMap yana riƙe da gurbi bakwai bayan ɗigo, wanda ya kai daidaiton kusan santimita ɗaya, kuma digiri 180 a wannan ma'auni yana shiga cikin lamba mai bit 32, wato mai gurbi 32 na 0 ko 1.

Kafaffen ɗigo iri ɗaya ne, ko yana da nau'o'i?

Nau'i biyu ne, kuma rikita su yana da haɗari. Na kuɗi ma'auninsa goma ne, ko ɗari, ko dubu, shi ne wanda harshen COBOL ya ɗauka tun wajen 1960 kuma bankuna suka rayu a kansa. Na na'urori ma'auninsa ninkin biyu ne, misali bit 16 na cikakkiyar lamba da bit 16 na guntu, inda ƙaramin taki yake ɗaya bisa 65,536. Wannan na biyun yana da sauri ƙwarai, domin rabawa da ma'aunin gusar da bit ne kawai. Da shi aka rubuta wasan Doom na 1993, kuma har yau shi ya dace da ƙananan allunan lantarki irin Arduino Uno, wanda ba shi da sashen lissafin ɗigo mai yawo kuma ƙwaƙwalwar aikinsa kilobayit 2 ce. Mai haɗa na'urar ban ruwa ko ta auna tankin mai a nan zai zauna, kaso mai kumbura ba shi da wurin kwana a irin wannan allo.

Sai dai nau'in tushen biyu bai iya riƙe 0.1 daidai ba, domin 65,536 bisa goma 6,553.6 ne. A ranar 25 ga Fabrairun 1991, a Dahran ta Saudiyya, na'urar kariya ta Patriot ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogonta yana ƙirga ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an kuma datse wannan adadi a gurbi mai bit 24. Bayan kusan awa 100 tana kunne, kuskuren ya taru ya kai wajen daƙiƙa 0.34, wanda ya ishi makamin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Kalmar kafaffen ɗigo ita kaɗai ba ta ba da tabbacin komai, sai an tambayi tushen da aka kafa shi a kai.

Gurbi nawa ya kamata a ware, kuma yaushe lamba ke tumbatsa?

Lamba mai bit 32 tana tsayawa a 2,147,483,647. Sefa biliyan biyu ba abin mamaki ba ne a jimillar shekara ta babban dillali ko ƙungiyar manoman auduga. Idan kuma aka ware gurbi biyu na guntu, iyakar ta sauko zuwa sefa miliyan 21 da 'yan kai, kuɗin da bai kai na babbar mota ba. Don haka a harkar kuɗi a ɗauki bit 64 tun farko. Ko da gurbi huɗu bayan ɗigo, yana kaiwa sama da tiriliyan 922.

A lura da tsakiyar lissafi, domin ninkawa kafin rabawa yana haifar da lambar da ta fi amsar ƙarshe girma nesa. A lura kuma da wurin da ake sauya lamba daga babban gurbi zuwa ƙarami. Rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta a ranar 4 ga Yunin 1996, saboda an tura adadi mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767.

Datsewa ko dunƙulewa?

Datsewa, wato zubar da guntu kawai, tana karkata gefe ɗaya kullum, don haka kuskurenta taruwa yake yi. Kasuwar hannun jari ta Bankuba a Kanada ta buɗe ma'auninta na farashin hannun jari a kan 1,000 a Janairun 1982, tana datse shi a gurbi uku duk lokacin da aka sabunta, sau dubbai a rana. Zuwa Nuwamban 1983 yana nuna 524.811, da aka sake lissafi daidai sai ya koma 1,098.892.

A dunƙulewa ma akwai zaɓi idan guntu ya tsaya a rabi cif. Wasu suna hawa sama kullum, wasu suna zuwa ga lambar da ke rabuwa biyu, ta yadda 192.5 zai koma 192, 193.5 kuma 194. Python ta biyun take bi idan ba a ce mata komai ba, abin da kan ba akawu mamaki. Sannan harsuna sun saɓa a kan lambar da ke ƙasa da sifili: idan aka raba -7 da 2 a cikakkun lambobi, C da Java suna ba da -3, Python kuma -4. Wannan yana fitowa ranar da aka dawo da kaya, inda kuɗin da aka mayar zai bambanta da wanda aka karɓa da sefa ɗaya. Maganinsa shi ne a mayar da adadin da ke rubuce a rasit na asali, kada a sake lissafi.

Rashin canji a hannun mai shago wani batu ne daban. Idan jimilla ta zama 1,193 aka karɓi 1,200 ko 1,175, a rubuta bambancin a layinsa, kada a taɓa farashi ko haraji. Mai biya ta Orange Money ko Airtel Money ba ya bukatar wannan gyara.

Yaya za a riƙe farashin canji?

Tun 1 ga Janairun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato 655,957 bisa 1,000. Daga yuro zuwa sefa a ninka, daga sefa zuwa yuro a raba da wannan adadi, kada a ajiye kishiyarsa, wato farashin sefa ɗaya a yuro. Wanda ya ajiye 0.001524 ya canza sefa miliyan goma zai sami yuro 15,240, alhali amsar ita ce 15,244.90, giɓin ya haura sefa 3,000. Dokar Tarayyar Turai ta 1997 a kan sauya kuɗaɗe zuwa yuro ta hana amfani da kishiyar farashi saboda wannan dalili.

Canjin naira a kan iyaka ma kaso ne tun daga bakin ɗan canji, domin abin da yake faɗa shi ne naira kaza a kan jaka guda. A ce, misali, naira 2,600 a kan sefa 1,000. Naira ɗaya ta zama 5 bisa 13 na sefa. Idan manhaja ta ajiye 0.38, naira miliyan ɗaya za ta ba da sefa 380,000 maimakon 384,615. A ajiye lambobin biyu yadda aka faɗe su, tare da ranar da lokacin.

Waɗanne kayan aiki ne ke akwai a harsunan da muke amfani da su?

Python tana da Decimal da Fraction. Java tana da BigDecimal, C# tana da decimal, Go tana da Rat, Ruby tana da Rational, masu C kuma suna da GMP. JavaScript ta sami BigInt a ƙa'idar 2020, wanda ya isa a gina kafaffen ɗigo a kansa. Tarko ɗaya ya haɗa su: idan aka ba su 0.1 a matsayin lamba mai ɗigo mai yawo, kuskuren ya riga ya shiga kafin su karɓa. Fraction za ta mayar da shi 3602879701896397 bisa 36028797018963968, ta riƙe kuskuren da aminci. A ba su adadin a matsayin rubutu, ko a matsayin cikakkun lambobi biyu.

A rumbun bayanai fa, da lokacin aikawa tsakanin manhajoji?

Kuɗi a ajiye shi a cikakkiyar lamba, ko a NUMERIC na PostgreSQL, ko DECIMAL na MySQL. SQLite, wanda yawancin manhajojin waya ke amfani da shi, ba shi da nau'in tushen goma na gaskiya, don haka a can cikakkiyar lamba ce kawai mafita. Kaso yana bukatar gurbi biyu, ɗaya na lambar sama ɗaya na ta ƙasa, kuma rumbun ba zai iya tara shi ko jera shi da kansa ba. Shi ya sa ya fi kyau a ajiye abin da aka shigar, wato dukiya da sahamai, da kuma sefar da aka biya kowa a ƙarshe, a bar kason ya rayu a lokacin lissafi kawai.

Wajen shigar da bayanai akwai haɗarin da ya keɓanta da yankinmu, inda takardun Faransanci da na Ingilishi ke haɗuwa a tebur ɗaya. Ma'aikaci a Njamena zai rubuta 655,957 yana nufin ɗari shida da hamsin da biyar da guntu, abokin cinikinsa daga Mubi ko Maiduguri kuma ya karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar. Kada manhaja ta yi hasashe. Ta san tsarin da kowane mai amfani ya zaɓa, ta kuma nuna masa adadin yadda ta fahimce shi kafin ya tabbatar.

Ta yaya zan tabbatar cewa zaɓin da na yi yana aiki?

A nan hanyoyin biyu suna taimakon juna. A rubuta lissafin sau biyu, ɗaya da kafaffen ɗigo wanda zai yi aiki a shago, ɗaya da kaso wanda zai zauna a cikin gwaji kawai, inda nauyinsa ba ya damun kowa. A zuba musu dubban adadi na kacici-kacici, a duba cewa tazararsu ba ta taɓa wuce rabin ƙaramin ma'auni ba a duk lissafin da aka dunƙule sau ɗaya. A gwada kuma abubuwan da dole su tabbata a kowane hali: rabon kowa da ragowa su haɗu su ba da dukiyar da aka fara da ita, farashi da haraji su ba da jimillar rasit, sayarwa da dawowar kaya su koma sifili. Kada a manta da sifili, da adadi na ƙasa da sifili, da guntun da ya tsaya a rabi, da adadi mafi girma da ake tsammanin kamfanin zai gani nan da shekara goma.

Idan tsohuwar manhaja ce da aka gina da ɗigo mai yawo, a fara da sauya rumbun bayanai zuwa cikakkiyar sefa, a gwada jimillar kowane wata da wadda ke littafin akawu, a rubuta duk bambancin da aka samu tare da sa hannunsa, sannan a shiga gyaran lissafin ɗaya bayan ɗaya, ana farawa da na haraji.